LM358, TL072, NE5532 ko OP37: Wanne Op-amp Ne Zai Iya da Saurin Siginarka?

Duk wanda ya taɓa haɗa sakit da op-amp, wato ƙaramin guntun lantarki (IC) mai ninka girman sigina, ya haddace lissafin ninki. Rezista biyu ne, ka raba babbar da ƙaramar, ka ƙara ɗaya a kai. Ka sa 99k da 1k, ka sami ninki 100. Lissafin daidai yake, sai dai yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce saurin kaɗawar siginar, wato firikwensi. Sakit ɗin da ya ninka sigina sau 100 a 100 Hz, idan ka ba shi 40 kHz yana iya ninka ta sau 24 kacal, alhali ko rezista ɗaya ba ka taɓa ba. Op-amp ɗin ne ya gaza. LM358 da TL072 da NE5532 duk ƙafafu takwas gare su, jerin ƙafafun ma iri ɗaya ne, kowanne zai zauna daram a gurbin ɗan'uwansa. Amma da zarar sigina ta fara sauri sai halin kowa ya fito fili.

Gazawar nan da gangan aka gina ta. A 1965 kamfanin Fairchild ya fito da µA709 na Bob Widlar, wanda sai mai haɗa sakit ya ƙara masa kafasita da rezista daga waje kafin ya zauna lafiya, in ba haka ba ya kama kaɗawa shi kaɗai. A 1968 David Fullagar ya zana µA741 a wannan kamfani, ya cusa kafasita mai 30 pF a cikin IC ɗin kansa. Wannan 'yar kafasitar ce ta sa 741 ya zama na kowa, ita ce kuma ta ɗaure masa ƙafa. Idan ba a haɗa masa hanyar mayarwa ba, wato rezistar da ke mayar da wani ɓangare na siginar mafita zuwa mashiga, ninkinsa yakan kai wajen 200,000, amma tun daga kusan 5 Hz yake fara gangarowa. Firikwensi ya ƙaru sau goma, ninki ya ragu sau goma, wato 20 dB ke nan. A 1 kHz saura 1,000, a 10 kHz saura 100, a 100 kHz saura 10, a 1 MHz kuma ya koma 1. Duba ka gani, ko a ina ka ninka firikwensi da ninkin da ya rage, miliyan ɗaya za ka samu. Wannan adadin ne takardar bayanan IC take rubutawa GBW, shi ne kuma lamba ta farko da za ka nema kafin ka zaɓi komai.

Raba GBW da ninkin da kake so, abin da ya fito shi ne faɗin zangon sakit ɗinka. Mu ɗauki ninki 100. 741 mai 1 MHz zai ba ka 10 kHz. LM358 ajinsu ɗaya, wasu takardun sun ce 1 MHz, ta Texas Instruments ta tsohon samfurin ta ce 0.7 MHz, don haka tsakanin 7 da 10 kHz ne. TL072 mai 3 MHz zai ba ka 30 kHz. NE5532 mai 10 MHz zai ba ka 100 kHz. OP37 mai 63 MHz zai kai 630 kHz.

Mai gaggawa zai ce, kunnen ɗan Adam a 20 kHz ya tsaya, TL072 ya kai 30 kHz, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ita wannan iyaka wuri ce da sigina ta riga ta faɗi da 3 dB, saura kashi 70.7 cikin ɗari na girmanta, ta kuma makara da digiri 45. Faɗuwar tun a baya ta soma. A ninki 100, idan sigina ta kai 20 kHz, 741 ya zubar da wajen 7 dB, fiye da rabin girmanta. TL072 ya zubar da 1.6 dB. NE5532 bai kai 0.2 dB ba. Wanda ke son kuskurensa ya tsaya a rabin kashi ɗaya cikin ɗari, to faɗin zangon sai ya ninka firikwensin aikinsa sau goma. Daga nan aka samo ƙa'idar da masu zana sakit ke bi: ninki sau firikwensi mafi sama, sau goma, shi ne GBW ɗin da za a nema. Ba doka ba ce. Mai neman sanin ko akwai sigina ko babu yana iya tsayawa a sau uku, mai awo na tsanaki kuwa goma ma tana iya yi masa kaɗan.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake barin wannan rarar, a ganina ma ya fi na farko nauyi. Duk kyawawan halayen op-amp, ƙarancin jirkita sigina, tsayawar ninki inda rezista suka ajiye shi, iya tura kaya ba tare da boltej ya sunkuya ba, daga rarar ninki suke fitowa, wato tazarar da ke tsakanin ninkin da IC ɗin yake da shi da wanda ka nema. Ita hanyar mayarwa da wannan rarar take gyara kurakurai. A 20 kHz ninkin 741 saura 50. Ka nemi 10, rarar 5 ce kawai. Na TL072 saura 150, rara 15. Na NE5532 ya haura 500, rara 50 ko fiye. Shi ya sa sakit yake iya nuna girman sigina daidai a awo, amma muryoyin sama su fito da kaushi.

A kula da wani tarko a lissafin. Ninkin da ake raba GBW da shi ba koyaushe ne ninkin da sigina take gani ba. Na hanyar mayarwa ne, wato a raba rezistar mayarwa da rezistar da ke zuwa ƙasa, a ƙara 1 a kai. A sakit mai juya sigina wanda ninkinsa −1 ne, wannan adadin 2 ne, saboda haka rabin GBW za ka samu. A mahaɗar sauti mai mashiga takwas, kowace da rezista daidai da ta mayarwa, ninkin kowace sigina 1 ne amma na lissafin 9 ne. TL072 a nan ya sauko wajen 330 kHz, LM358 kuma bai wuce 110 kHz ba.

Lamba ta biyu

GBW maganar ƙaramar sigina yake yi. Babbar sigina tana da tata iyakar daban, ita ce saurin hawa, wanda ake rubutawa da bolt a kowace maikirodaƙiƙa, V/µs. Asalinsa ma daga waccan kafasitar ne. Sashen farko na 741 ba ya iya zuba mata karan, wato kwararar wutar lantarki, da ya kai 20 µA, kamar dai mai cika bokiti da famfon da an riga an buɗe shi iya buɗewa, duk gaggawarsa ruwan ba zai ƙara gudu ba. Sakamakon shi ne mafitar 741 ba ta iya hawa fiye da wajen 0.5 V/µs. LM358 wajen 0.3 ne. NE5532 na da 9, TL072 na da 13, OP37 na da 17. Lura cewa a nan TL072 ya sha gaban NE5532, duk da cewa GBW ɗinsa bai kai sulusin nasa ba. Lambobin biyu ba tare suke tafiya ba.

Saurin da igiyar sain take buƙata shi ne 6.28 sau firikwensi sau tsayin ƙololuwarta. Sigina mai ƙololuwar bolt 10 a 20 kHz tana son 1.26 V/µs. 741 ba shi da shi, ko da ninkin da ka nema 1 ne kuma GBW ya ce akwai 1 MHz cur. A bolt 10, iyakarsa wajen 8 kHz ce, ta LM358 ba ta kai 5 kHz ba, ta NE5532 wajen 140 kHz, ta TL072 ta ɗan haura 200 kHz. Bambancin gazawar biyu yana fitowa a osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina a allo. Idan GBW ne ya yi kaɗan, igiyar tana ƙanƙancewa amma siffarta tana nan. Idan saurin hawa ne, siffar ce ke lalacewa, gefunan su miƙe, ta koma alwatika. Ka rage girman siginar, in siffar ta dawo to ka gano mai laifin. Shi ma ana bar masa rara, aƙalla sau biyu ko uku, domin jirkicewa takan soma kafin a kai iyakar.

Wannan lissafin yakan wanke masu jinkiri a wasu lokutan. Sigina mai ƙololuwar bolt 1 a 20 kHz 0.126 V/µs kawai take so. Ko LM358 zai iya.

To, mu zo kan su ɗaya ɗaya.

Shi 741 ba sai an daɗe a kansa ba. Ya dace da koyarwa, domin duk iyakokin nan suna bayyana a kansa da kayan awo masu sauƙi. A sabon aiki kuwa babu wani abu guda da ya fi sauran a kai.

LM358 daban ne, kuma ana yi masa rainin da bai cancanta ba. Yana aiki da wuta guda daga bolt 3 zuwa 32, mashigarsa tana karɓar sigina har ƙasa a sifili, abin da yake ci yawanci bai kai 1 mA ba ga op-amp biyun da ke cikinsa. Ga awon zafi, awon ƙarfin batir, awon haske, ko duk siginar da ke canzawa sau kaɗan a daƙiƙa, ya isa har da saura. Matsalarsa a sauti ba jinkiri kaɗai ba ce. Sashen mafitarsa yana da wani ɗan gurbi inda taransistocin sama ke miƙa wa na ƙasa aiki, duk lokacin da karan ya juya sai a sami tsinkewa a jikin igiyar. A firikwensi na ƙasa rarar ninki tana rufe wannan aibin. Yayin da aka hau sama rarar ta ƙare, sai ya fito tsirara. Akan rage shi da rezista daga mafita zuwa layin wuta na ƙasa, amma in sauti ne aikinka, canza IC ya fi sauƙi.

Muhawarar gaske tsakanin TL072 da NE5532 take, kuma faɗin zango kaɗai ba zai raba ta ba. NE5532, wanda Signetics ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970, ya fi GBW, ya fi shiru, hayaniyarsa 5 nV/√Hz ce a kan 18 na TL072, yana kuma tura kaya mai om 600 ba tare da wahala ba. Amma mashigarsa ta taransisto na gargajiya ce, tana jan karan wajen 200 nA, kuma IC ɗin yana cin wajen 8 mA. TL072 mashigar JFET gare shi, wani nau'in taransisto da kusan ba ya jan karan, abin da take ja 'yan gomomin pA ne, sau dubbai ƙasa da na NE5532, cinsa kuma wajen 1.4 mA ne ga kowane ɗaya. Saboda haka tambayar ita ce daga ina siginar take fitowa. Makirufo ko duk mafari mai ƙaramar turjiya, ga shi ana son ninki mai yawa, NE5532 ne. Mafari mai turjiyar ɗaruruwan kilo-om, ko sakit ɗin tace sigina mai manyan rezista, ko ninki 10 zuwa ƙasa, TL072 ne, domin a ninki 10 yana da 300 kHz, ya wadatar. Yana da wani mugun hali guda da ya kamata a sani: a tsohon samfurin, idan mashiga ta matso kusa da layin wuta na ƙasa, mafita takan yi tsalle ta koma sama gaba ɗaya. Su biyun duka ba sa jin daɗin wuta guda mai bolt 5. A can sai irin su MCP6002 na Microchip, mai aiki daga bolt 1.8 zuwa 6 da cin 100 µA, sai dai shi ma 1 MHz ne da 0.6 V/µs, ajin LM358 ke nan ta fuskar sauri.

Kafin a tafi neman wanda ya fi waɗannan sauri, akwai dabarar da ake yawan mantawa da ita, alhali op-amp na biyu yana nan zaune cikin IC ɗin ba ya komai. Raba ninkin gida biyu. Maimakon 100 a mataki guda, yi 10 sau 10. A TL072 kowane mataki zai sami 300 kHz. Idan an jera matakai biyu masu iyaka ɗaya, faɗin zangon yakan sauko zuwa kashi 64 cikin ɗari, wato wajen 190 kHz. Daga 30 kHz zuwa 190 kHz da ƙarin rezista biyu kawai, ya ma wuce NE5532 mai mataki guda. Mai haɗa sensar nisa irin mai amfani da sautin 40 kHz, wanda ke son ninki 100, wannan ce hanyarsa. LM358 a mataki guda zai ba shi 24. A mataki biyu, in aka ɗauki 1 MHz, zai ba shi wajen 86. TL072 a mataki biyu zai ba shi wajen 98. Abin da dabarar ba ta gyarawa shi ne saurin hawa, domin matakin ƙarshe ne ke ɗaukar babbar siginar shi kaɗai. Hayaniyar matakin farko ma tana nan, na biyu zai ninka ta.

OP37 kuma labarinsa yana tare da na ɗan'uwansa OP27. Kusan zane ɗaya ne, hayaniyarsu ɗaya, wajen 3 nV/√Hz. OP27 yana da 8 MHz da 2.8 V/µs, OP37 yana da 63 MHz da 17 V/µs. An sassauta wa OP37 ɗaurin kafasitar ciki ne, farashin hakan kuwa shi ne ba ya zama lafiya sai ninki ya kai 5. Dalilin yana cikin makarar sigina. Gangarowar farko tana jawo makara har digiri 90. Can sama akwai wasu lanƙwasan da ke ƙara tasu. Idan jimillar ta kai 180 alhali rarar ninki ba ta faɗo ƙasa da 1 ba, abin da aka mayar don ya rage kuskure sai ya koma yana ƙara shi, sakit ya zama mai haifar da tasa siginar. Harry Nyquist da Hendrik Bode ne suka shimfiɗa lissafin wannan a Bell Labs a shekarun 1930, bayan Harold Black ya ƙirƙiro dabarar mayarwar a 1927. Ana son a bar tazarar digiri 45 zuwa 60 kafin a kai 180. A ninki mai yawa OP37 yana da wannan tazarar, a ninki 1 ba shi da ita. NE5534 ma haka yake, sai ninki 3 zuwa sama, in ba haka ba a sa masa 22 pF daga waje, saurin hawansa kuma ya sauko daga 13 zuwa 6 V/µs. Idan ninkinka babba ne kuma ba zai taɓa saukowa ba, irin waɗannan riba ce tsantsa. Idan akwai maɓallin da zai iya dawo da ninki 1, ka guje su. A tuna kuma OP27, OP37 da NE5534 op-amp ɗai-ɗai ne a IC, ba za su shiga gurbin masu biyu ba.

Sama da nan akwai wani dangi da ba ya bin dokar GBW kwata-kwata, masu mayarwa da karan. AD811 na Analog Devices yana ba da 140 MHz a ninki 1, 120 MHz a ninki 2, 100 MHz a ninki 10, da saurin hawa 2,500 V/µs. A wurinsu rezistar mayarwa ce ke yanke faɗin zango, don haka sai a yi amfani da ƙimar da takardar ta faɗa, 'yan ɗaruruwan om. Ba a haɗa mafitarsu da mashiga da waya tsura, ba a kuma ɗora kafasita a kan rezistar mayarwa, duka biyun kaɗawa suke jawowa. Na bidiyo ne da sigina mai megahaz da yawa. A aikin awo mai son daidaito ba su da abin nunawa.

To me zai hana mutum ya sayi mafi sauri ya huta? Saurin da ba ka buƙata ba zaman banza yake yi ba, aiki yake ƙara maka. Op-amp mai 100 MHz yana ganin doguwar waya a matsayin koyil, yana ganin layukan allon gwaji a matsayin kafasita, sai ya kama kaɗawa a firikwensin da ƙaramin osiloskof ba zai nuna ba. Abin da za ka lura da shi kawai IC yana zafi, ko awo yana canzawa in ka kai hannu kusa. Yana son kafasita 100 nF manne da ƙafafun wutarsa, yana son rezista ta om 50 zuwa 100 a mafita in zai tura doguwar kebul. Hayaniya kuma tana ƙaruwa da faɗin zango, ka faɗaɗa shi sau 100 ta ƙaru sau 10. Mai auna zafi da tamokoful, ko nauyi da sensar sikeli, da ya ɗauki OP07 mai 0.6 MHz kacal ya fi masa. A ninki 1,000 zai sami 600 Hz, wanda ya yi wa siginarsa yawa ma, ga shi kuskuren mashigarsa gomomin maikirobolt ne, inda na TL072 da LM358 yake a milibolt. A ninki 1,000 kuwa milibolt 3 bolt 3 ne a mafita.

Mai tura sigina cikin ADC, wato guntun da ke mayar da boltej zuwa lambobi, yana da ƙarin lissafi guda, na lokacin da mafita take ɗauka kafin ta natsu bayan tsalle. Sakit mai faɗin zango 100 kHz yana da ma'aunin lokaci na 1.6 µs, kuma kafin ya natsu daidai da ADC mai bit 12 sai an jira wannan sau tara, wajen 14 µs. Idan kana sauya mashiga da sauri fiye da haka, ragowar awon baya zai shiga na gaba.

Lambobin da aka kawo duk na "yawanci" ne, ba alkawari ba ne. GBW yakan bambanta daga IC zuwa IC, yakan motsa da zafi da ƙarfin wuta, sababbin samfura kuma sukan sha bamban da tsofaffi masu suna ɗaya. TL072H yana da 5.25 MHz da 20 V/µs, LM358B yana da 1.2 MHz. Duba harafin ƙarshe da sunan kamfanin da ke jikin naka. Bayan ka haɗa, ba shi ƙaramar sigina mai kusurwa huɗu, wadda za ta fito wajen 100 mV a mafita, ka kalli gefenta. Raba 0.35 da lokacin da ta ɗauka daga kashi 10 zuwa kashi 90 na hawanta, ka sami faɗin zangon na zahiri: 3.5 µs na nufin 100 kHz. Idan ta wuce sama kaɗan ta dawo ta zauna, tazarar makara tana da kyau. Idan ta yi ta rawa sau uku ko huɗu kafin ta natsu, tazarar ta yi kaɗan, sai ka duba kayan da mafita ke turawa da girman rezistar mayarwa. Daga nan ka ɗaga siginar zuwa iyakar girman da za ta yi aiki a kai, ka auna bolt nawa gefen yake hawa a maikirodaƙiƙa ɗaya, ka gwada shi da 6.28 sau firikwensi sau ƙololuwa.